Ido Daga Sama Bai Isa Ba

Yawancinmu in muka ji an ce jirgi mara matuƙi, labarin yaƙi ne ke fara zuwa mana a rai. Amma akwai masu amfani da shi wajen kula da halittun Allah, kuma muna ganin aikinsu ya shafi bangaskiyarmu.

A watan Disamba na 2015, wasu masu bincike suka je tsibiran Danger a Antaktika, inda ƙanƙara ke tare hanya kusan duk shekara. Suka tashi ƙaramin jirgi mai kyamara ya ɗauki hotunan tsibiran daga sama, kwamfuta ta taimaka wajen ƙirga sheƙuna. A 2018 suka sanar cewa tsuntsayen fengwin kimanin miliyan ɗaya da rabi ne ke zaune a wurin, alhali a da ba a san yawansu ya kai haka ba.

Mun yarda wannan aiki ne mai kyau. A Farawa 2:15, Allah ya ɗora wa mutum nauyin aikin gonar Aidan da kiyaye ta. Makiyayin da bai san yawan garkensa ba, ta yaya zai gane an sace masa tunkiya? Don haka matashin da ya zaɓi karatun kimiyyar muhalli bai kauce wa hidimar Ubangiji ba, kuma ya kamata ikilisiya ta ƙarfafa shi.

Sai dai akwai abin lura. A wani bincike da aka buga a 2015, masana a jihar Minnesota ta Amurka sun sa wa wasu beyar na daji na'urar auna bugun zuciya, sannan suka riƙa tashin jirgi a samansu. A ido, dabbobin ba su cika nuna damuwa ba. Amma bugun zuciyarsu ya yi ta hauhawa, na wata ma ya ƙaru da 123 a minti ɗaya. Da hoto kaɗai aka duba, da an ce ba abin da ya same su.

Saboda haka muke cewa duk mai tashin jirgin nan ya riƙa tambayar kansa ko tashin ya zama dole, ya yi nesa da dabbobi, ya guji sheƙuna a lokacin ƙyanƙyasa. Ikon da aka ba mu a kan halitta amana ce.

Mu ma a zumuntarmu muna faɗawa cikin kuskuren mai kallo daga sama. Muna ƙirga kawuna ranar Lahadi, mu ce taro ya yi kyau, ba mu san wanda zuciyarsa ke bugawa da tsoro ba. A Matiyu 10, Yesu ya koya mana cewa Uba yana sane da ɗan tsuntsu guda in ya fāɗi. A makon nan, kowannenmu ya nemi ɗan'uwa ɗaya da muke ɗauka lafiya yake, ya zauna da shi, ya saurare shi.

Ya Ubangiji, ka koya mana kula da abin da ka halitta cikin tawali'u. Amin.