Haƙƙin ɗan Adam na wa ake karewa?

A ƙarshen Oktoban 2025 Shugaba Donald Trump ya mayar da Najeriya cikin jerin ƙasashen da Amurka ke zargi da tauye 'yancin addini, yana cewa ana yi wa Kiristoci kisan gilla. Sanata Ted Cruz ya riga shi buga wannan ganga a majalisa. An zubar da jinin Kiristoci a Filato da Binuwai, babu mai musu, kuma alhakinsa na wuyan hukuma. Amma mutanen ƙauyen Banga a Kaura Namoda ta jihar Zamfara, waɗanda 'yan bindiga suka kashe fiye da 30 daga cikinsu a Yulin 2025 bayan an kai kuɗin fansa, ba su shiga lissafi ba. Musulmi ne, kukansu ba ya kawo ƙuri'a a Amurka.

Haka 'yan siyasar ra'ayin riƙau ke yi. Marine Le Pen ta Faransa takan ɗauko 'yancin mata duk lokacin da za ta yaƙi hijabi. Gwamnatin Trump da ke kukan kisan Kiristoci kuwa ita ta rushe hukumar agaji ta USAID, alhali a 2024 likitocin ƙungiyar agaji ta MSF sun gano yaro 1 cikin 4 'yan ƙasa da shekara 5 a Shinkafi da Zurmi na fama da tamowa.

A gida ma jagoran 'yan bindiga Bello Turji yakan fake da zaluncin da 'yan sa-kai suka yi wa Fulani, ya ƙone rumbun talakan da bai taɓa shi ba.

Muna kira ga gwamnatin Dauda Lawal ta Zamfara da ta tattara sunayen waɗanda aka kashe, ƙauye bayan ƙauye, ta miƙa wa Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa.