Rigar Ibada a Ƙasar Yauri: Sutura ake Nema ko Tsada?

Batun da nake so in ɗan taɓa ƙarami ne a ido, amma yana hana wasu bayin Allah zuwa wurin ibada. Watau batun tufafin da ya kamata mutum ya sa in zai tafi masallaci ko majami'a. Na zaɓi ƙasar Yauri don misali, domin daga Yelwa zuwa Shanga, har Wara ta ƙasar Ngaski, Musulmi da Kirista suna cin kasuwa ɗaya, suna shiga jirgin ruwa ɗaya, kuma ciwon da zan ambata ya kama su duka.

Da farko bari mu ga abin da addini ya nema. Duk wanda ya zauna gaban malamin zaure ya karanta Ahalari ko Risala ya san sharuɗɗan ba su da yawa: tufa ta zama mai tsarki, ta kuma rufe al'aura. Ga namiji daga cibiya zuwa gwiwa, ga mace kuwa riga mai kauri wadda ta sauka har bayan ƙafa, da mayafin da zai rufe kai. Ranar Juma'a an so a yi wanka, a sa mafi kyaun abin da aka mallaka. Aya ta 31 a Suratul A'araf, wadda ta yi umurni da yin ado a wurin salla, ita ce kuma ta hana almubazzaranci. Wajen maƙwabtanmu Kirista, sura ta 2 ta Wasiƙar Yaƙubu ta tsawata wa masu ba mai kyakkyawar riga wurin zama na girma su bar matalauci a tsaye. Ba inda aka ambaci shadda, balle gezna.

To, ina aka samo wannan ra'ayi na cewa sai da babbar riga ake shiga sahun gaba? A nawa ganin, a Yauri abin yana da tushe cikin tarihi. Ƙasar ba ta Hausawa kaɗai ba ce. Akwai Gungawa da Kambari da Dukkawa da Shangawa da Lopawa, kowa da irin shigarsa ta gado. Sa'ad da aka gama madatsar ruwa ta Kainji a 1968, ruwa ya cinye gungu da ƙauyuka masu yawa, aka tayar da mutum fiye da 40,000 aka sake musu matsuguni a tudu. Gungawa da suka saba da zaman tsibiri sai ga su a bakin hanya, kusa da kasuwa da alƙali da makaranta. Wani Ba'amurke mai nazarin al'adu, Frank Salamone, ya yi rubutu a 1975 kan yadda Bagunge kan rikiɗe ya zama Bayaure ta hanyar karɓar Musulunci da harshen Hausa. Abin da zan ƙara shi ne, imani ba a ganinsa, harshe sai an buɗe baki, amma riga tun daga nesa ake hango ta. Saboda haka riga da hula suka zama shaidar cewa mutum ya waye, ya shigo gari. Su ma 'yan mishan da suka zauna a Yelwa da irin tasu rigar suka zo, har ɗan ƙauye ya ɗauka zuwa sujada ran Lahadi sai da taguwa da wando irin na ɗan makaranta.

Wanda wannan fahimta ta fi cuta shi ne masunci. Mutum ne da ya kwana a kan ruwa yana jan taru, ya fito da hantsi, matarsa na gefen wuta tana banda. Rigarsa ta kirki ɗaya ce, wataƙila ma tun ta aurensa. In ya wanke ta ya sa, ya cika abin da shari'a ta nema, ko da ta koɗe. Amma sai ya iso masallacin Juma'a ya ga ana ja da baya, ana kallonsa sama da ƙasa, har wani ya matsa don kada a shafa masa ƙarni a shadda. Mako mai zuwa sai ya tsaya a waje cikin rana. Na gaba kuma sai ya yi azahar a bakin tafki ya huta. Wa zai ɗauki alhakin wannan Juma'a da ta wuce shi? Haka nan a majami'a, ankon Zumuntar Mata abu ne mai kyau, domin an yi shi ne don mai hali da marar hali su zama ɗaya. Amma in aka mai da shi sabuwar atamfa a kowane taro, gwauruwar da ba ta da kuɗin turmi sai ta ce ba ta jin daɗi, ta zauna gida.

Kada a ce ina ɗaure wa ƙazanta gindi. Hadisi ya hana wanda ya ci ɗanyar albasa ko tafarnuwa ya kusanci masallaci, don kada ya cuci jama'a da wari, kuma mu mutanen ƙasar albasa mun fi kowa sanin dalili. Masunci ma wajibi ne ya yi wanka ya tuɓe kayan aiki, ruwa kuwa ba shi ne matsalarsa ba. Sabulu ake bin sa, ba dinkin Kano ba.

Mu ɗalibai kuwa laifinmu ta wancan gefe yake. Za ka ga saurayi ya sa wando mai tsada wanda aka yayyaga da gangan a gwiwa, da 'yar riga wadda in ya yi sujada sai ta ɗage, bayansa ya fito fili ga na sahun baya. Kuɗin wannan shiga ya fi na rigar masunci sau da yawa, amma ta masuncin ce ta cika sharaɗi. Abin mamaki, shi ba mai matsawa daga kusa da shi, sai dai a ce ɗan boko ne ya zo hutu.

Shawarata ga limamai da fastoci na Yelwa da Wara da Shanga ita ce, in za su yi wa'azin tufafi, su fara da karanta wa jama'a sharuɗɗan kamar yadda suke a littafi, da Hausa, in ya yiwu har da Gunganci da Kambarci, don mai riga ɗaya ya ji da kunnensa cewa tasa ta isa. Masu tsara sahu da masu nuna wurin zama kuma a gaya musu wanda ya riga zuwa shi ke da gaba.