Kacici-kacici Ba Na Dare Kaɗai Ba Ne

Ni ba Bahaushe ba ne. Da Sayanci na buɗe baki a Bogoro, Hausa kuwa a tsakar gidan haya na tsince ta bayan mun dawo cikin garin Bauchi. Kuma ba littafi ne ya fara zaunar min da ita a ka ba, kacici-kacicin da yaran gidan ke yi ne bayan sallar isha'i. Shi ya sa nake takaicin yadda muke yi da shi a aji.

Da na je koyarwar gwaji a wata ƙaramar sakandare a nan Bauchi, na tarar an rubuta wa yara ma'anar kacici-kacici da amfaninsa a allo, sun kwafa, sun haddace saboda jarrabawa. Amma ko guda ɗaya ba a taɓa yi musu ba!

Ranar da na karɓi ajin sai na jefa musu, "Baba na ɗaka, gemu na waje." Nan take aji ya kaure da gardama. Can sai wata yarinya Bajariya, wadda ba ta taɓa ɗaga hannu ba, ta ce wuta da hayaƙi. Daga wannan 'yar jimla muka gano cewa "na" ɗin nan "yana" ce aka gutsure, kuma "ɗaka" daga "ɗaki" ta fito, kamar yadda "ka" ta fito daga "kai". Da cewa na yi yau darasinmu bayanau ne, da rabin ajin ya yi gyangyaɗi.

Wani malami ya ce min wannan ɓata lokaci ne, ga manhaja na jira. To, hayaniya kam akwai ta, amma minti biyar sun isa. Matsalar da na fi gani ita ce, yawancin kacici-kacicin da muka gada kan rumbu da akushi da ƙwarya suke, alhali yaron da ya tashi a Wunti bai taɓa leƙa rumbu ba. 'Yan'uwana ɗalibai, mu sa su ƙirƙiro nasu kan Keke Napep da wayar salula, su kuma kawo na Fulatanci da Jaranci da Geranci daga gida su juya su zuwa Hausa. A nan ne wanda Hausa ba harshen uwarsa ba ce yake samun bakin magana.

Wanda ya kasa amsa, a al'adance sai ya ba da gari. Kafin in bar makarantar, yarana sun ba ni Azare, sun ba ni Misau, amma Bauchi sun ce sai dai mu kwana a aji.