Ba kowace damuwa ce "stress" ba

Makon jiya na ce wa ɗalibaina su ba ni kalmar Ingilishi da ke nufin damuwa mai tsanani. Baki ɗaya suka ce stress. Na ce to, wata fa? Tsit. Ban yi mamaki ba, don nan Klémat ko da Faransanci ake hira ko da Larabcin gari, sai ka ji ta faɗo. Mai jiran sakamakon bak stress, wanda aka yi wa rasuwa ma stress.

Alhali masu harshen sun bambanta. Worry ita ce tunanin da ke ta kai-komo a kan abin da ka sani, kamar kuɗin haya; asalin ma'anarta ma shaƙewa. Dread fargabar abin da ke tafe ce, irin wadda mutanen Walia ke yi idan Shari ya fara cika tun ambaliyar 2022. Anxiety zullumi ne da sau da yawa ba ka iya nuna dalilinsa, kuma in ya daɗe yakan zama ciwon da sai an ga likita. Anguish kuwa tushenta ɗaya da angoisse ta Faransanci, daga kalmar Latin mai nufin matsewa. Ashe ƙuncin nan namu ne, wurin da ya ƙuntata a ƙirji. Ita stress ɗin matsi ne kawai, kuma wani likita, Hans Selye, shi ya yayata ta a fannin lafiya a ƙarnin da ya wuce.

Shi ya sa nake ganin yaron Bahaushe a fara masa da Hausa. Wanda ya san zullumi daban, fargaba daban, ba zai sha wuyar anxiety da dread ba. Wasu abokan aiki na cewa ɓata lokaci ne, ai jarrabawa ba da Hausa ake yi ba. Haka ne, amma ba maki kaɗai ke damuna ba.

Bara wata ɗalibata ta yi makonni tana ce mini stress, ni kuma na ɗauka karatu ne, ina ta cewa ta dage. Sai ranar da na ce, "'Yata, faɗa mini da Hausa." Ta ce, "Malam, fargaba nake." Ashe a gida ana shirin cire ta daga makaranta. Da yamma na je na ga mahaifinta, muka yi doguwar magana. Bana tana ajin ƙarshe.