A kwance marin nan, Dawanau ba ta da nisa

Makon nan da mu nake, mu mutanen Bacirawa da ƙauyukan kewaye.

Akwai ciwon da likitoci ke kira baifola, mai hawa da sauka. In ya hau, mutum ya yi mako ko fiye yana barcin awa biyu ba ya jin gajiya, surutu ba birki, ya kwashe hatsin rumbu ya sayar ya rabar da kuɗin, har ya fara cinikin gonar gado. In ya sauka, sai ya shige ɗaki makonni, ba ci, ba magana, ciyawa ta cinye shuka, wani ma ya fara tunanin kashe kansa. Yakan soma ne a ƙuruciya, yakan bi jini, kuma yakan taso wa mace bayan haihuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 40 ke da shi a 2019. Duk aljanu ne suka shige su?

Mu me muke yi? Mu ce iska ce ko sammu, mu sa masa mari, mu bi shi da bulala da hayaƙi. Tun 2019 Human Rights Watch ta fallasa yadda ake ɗaure irin waɗannan bayin Allah a Najeriya. A Janairun 2023 Buhari ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta kare haƙƙinsu. Mu har gobe muna kan turu.

Ba wanda ya hana addu'a. Amma mai hawan jini ma ana masa addu'a, kuma ba a hana shi ƙwayarsa. Tun 1949 aka gano amfanin litiyam, ga wasu magungunan da ke daidaita yanayi. Asibitin Dawanau na nan kusa da mu, ga na Malam Aminu Kano.

Sai dai a kiyaye. Kada a daina magani don an ga sauƙi, nan ne ciwon ke dawowa. Mai shan litiyam sai da gwajin jini. Mai ciki ko mai neman haihuwa ta gaya wa likita, don valproate na cutar da ɗan tayi. Wanda ya ambaci kashe kansa, a ranar za a kai shi.

Masu ɓoye ciwon don kada a fasa aure, ku ji tsoron Allah. Kunyar surukai ba ta kai ran ɗanku ba.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya.