Likitar da Ta Tarar da Rubutun Hannunta

Duk ranar Laraba da ƙarfe huɗu na yamma nake ganin ɗaliban da nake duba kundinsu na digiri na biyu. A bana su biyar ne, kuma ɗaya daga cikinsu likita ce, likitar gaske mai farar riga da abin sauraren ƙirji, ba irina ba da gwaggona ta yanke ƙauna a kaina tun ranar da ta miƙo mini hannu in auna mata hawan jini na ce ban iya ba. Ba zan ambaci sunanta ba, balle asibitin da take aiki. Ni ina ce mata Likita, ita tana ce mini Malam, da haka muka raba rigimar dakta biyu a ɗaki ɗaya. Da izininta nake wannan rubutu.

Kafin ta zauna a kujerar ofishina ta riga ta yi tafiya mai nisa. Karatun likita shekara shida ne a takarda, yajin aiki ya ƙara mata wasu watanni a kai. Ta yi shekarar sanin makamar aiki a asibiti, ta yi hidimar ƙasa, sannan ta shafe shekaru a sashen haihuwa na wani asibitin gwamnati. Daga nan ne ta nemi gurbin digiri na biyu a fannin kiwon lafiyar al'umma, aka haɗa ta da ni saboda ɓangaren dabarun bincike da ƙididdiga. Ranarta tana farawa ne da sallar asuba da shirya yara biyu zuwa makaranta. Ƙarfe takwas tana zagayen marasa lafiya. Ranar awon ciki kuwa, layin mata kan kai har bakin ƙofar asibiti, ba ta tashi sai bayan azahar. Duk bayan kwana uku ko huɗu tana da aikin kwana, kuma a ɗan ɗakin da likitoci ke kishingiɗa ne take buɗe kwamfuta ta rubuta sakin layi ɗaya ko biyu, kafin nas ta ƙwanƙwasa ƙofa ko batir ya mutu.

Ni ban san wannan duka ba a farko, ko kuma in ce ban damu in sani ba. Laraba uku a jere ba ta zo ba. Da ta zo a ta huɗu na yi mata faɗa a gaban sauran ɗalibai, na ce jami'a ba ta bayar da digiri a kan uzuri. Ba ta ce komai ba sai, “Malam, ka yi haƙuri.” Sai daga baya na ji cewa a Larabar ƙarshe ta riga ta rataya jaka za ta fito aka shigo da wata mai jego a bayan a-kori-kura, zanenta ya jiƙe sharkaf da jini. Na ji kunyar faɗan nan, kuma har yanzu ina ji.

Abin da take bincike a kai shi ne jinkiri. A 1994 wasu masana biyu, Sereen Thaddeus da Deborah Maine, suka kasa jinkirin da ke kashe mata wajen haihuwa gida uku: jinkirin yanke shawarar zuwa asibiti, jinkirin isa can, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Mu a Arewa mun ƙware wajen magana a kan na farko. Kowane taro aka yi sai an ambaci kunyar haihuwar fari, da maigidan da ya tafi kasuwa bai bar izini ba, da ungozomar da ta ce a ƙara jiƙa rubutu. Duk gaskiya ne, amma magana ce mai daɗin faɗa ga ma'aikaci, domin laifin yana can ƙauye. Likita ta zaɓi jinkiri na uku, wanda yake farawa daga lokacin da mace ta ƙetare ƙofar asibiti. Na gargaɗe ta cewa wannan tambaya ce mai cin mai ita. Ta ce ta sani. A alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da suka rasu sanadin ciki da haihuwa a duniya baki ɗaya 'yan Nijeriya ne, kuma zubar jini bayan haihuwa yana sahun gaba a abubuwan da ke kashe su. Ta ce wasu daga cikinsu a hannunta suka cika, tana so ta san minti nawa suka jira.

Tsarin da muka yi mai sauƙi ne. Za ta shiga ɗakin ajiye fayil na asibitinsu, bayan ta samu izinin kwamitin ɗa'ar bincike, ta ciro fayil ɗin duk matar da aka kwantar saboda zubar jini a cikin shekara biyu. Daga kowanne za ta kwafi lokacin isowa, lokacin da likita ya gan ta, lokacin da aka yi mata allura, lokacin da aka ɗaura mata jini, da yawan jinin da ta zubar. Ta yi makonni tana shiga ɗakin nan da takunkumi a hanci saboda ƙura, tana kwance damman fayil da aka ɗaure da igiya, wasu gara ta taɓa, wasu yoyon damina ya manne shafukansu.

Ranar da ta kawo mini sakamakon farko ba ta buɗe kwamfuta ba. Ta ce fayil da yawa babu lokacin isowa a ciki, wasu kuma an rubuta kwanan wata an bar gurbin sa'a fayau. A wajen yawan jini kuwa, lambobi biyu ko uku ne suke ta maimaita kansu, alamar da ido aka kimanta, ba a auna ba. Na ce wannan ba sabon abu ba ne. Sai ta yi shiru, sannan ta ce, “Malam, wasu rubutun hannuna ne. Ni na bar gurbin.”

Daga nan ta kawo shawarar da ta sa nake wannan rubutu. Ta ce akwai matan da take tunawa sarai. Ta nuna mini lambar wani fayil ta ce daren nan ana ruwa, wuta ta ɗauke, kuma za ta iya rantsuwa wajen ƙarfe biyu da rabi aka shigo da matar. Me zai hana ta cike gurbin, tunda ita ce shaidar gani da ido? Na ce a'a. Ta ce ai ba ƙarya za ta yi ba. Na ce na sani, amma a'a.

Mai karatu zai iya cewa na cika tsauri, domin kowa ya san abin da ke faruwa a shagunan buga takardu da ke bakin ƙofar jami'o'inmu, inda yaro zai karɓi kuɗi ya haɗa wa ɗalibi babi na huɗu cif, da jadawali da zane, ba tare da an tambayi ko mutum ɗaya ba. Ita ma wani abokin aikinta ya ba ta lambar irin wannan yaro, ta ƙi. Abin da ta nema ya fi wancan tsabta nesa ba kusa ba, shi ya sa ya fi shi wuyar ƙi. Matsalar ita ce zuciya ba ta ajiye dare duka daidai wa daida. Tana riƙe daren da aka yi asara ko aka sha da ƙyar, ta saki sauran. Kuma idan mutum yana tuna lokacin da shi da kansa ya ɗauka kafin ya iso kan mara lafiya, tunaninsa kan rage mintuna ba tare da ya sani ba. Idan ta cike gurbi ashirin da tunani, babu mai iya bambance su da waɗanda aka rubuta da agogo, har ita kanta bayan shekara guda.

Amsar da ta ba ni ta fi duk abin da na koyar a zangon nan. Ta ce, “Malam, shekara goma ana koya mini cewa wanda ya tsaya a ɗakin haihuwa yana cewa bai sani ba, gawa zai fitar. Ka kimanta, ka yanke, ka yi aiki. Yanzu kai kuma kana so in zauna in rubuta ‘ba a sani ba’ sau tamanin da hannuna.” Haka ne kuwa. Horon likita da horon mai bincike suna jan mutum ɓangare biyu. Na farko yana gina saurin hukunci a kan rabin bayani, domin jini ba ya jiran cikakken bayani. Na biyu yana gina haƙurin barin gurbi a buɗe. Mu malamai mukan ɗauka likita ya fi kowane ɗalibi sauƙin koyarwa tunda ya saba da karatu mai nauyi, alhali shi ne wanda za a fara kwance wa wata ɗabi'a da ta ceci rayuka a hannunsa, kuma ana so ya mayar da ita gobe da safe idan ya koma aiki.

Na ba ta labarin Ignaz Semmelweis, likita ɗan ƙasar Hangari da ya yi aiki a babban asibitin Vienna. Asibitin yana da ɗakunan haihuwa biyu, ɗaya na likitoci da ɗalibansu, ɗaya na ungozomomi. Da ya duba littattafan asibitin na shekaru, ya ga zazzaɓin jego yana kashe kimanin mace goma cikin ɗari a ɗakin likitoci, a na ungozomomi kuwa kimanin huɗu. Likitocin sukan fito daga ɗakin binciken gawa su wuce kai tsaye kan masu naƙuda. A 1847 ya tilasta wanke hannu da ruwan kulorin, mace-macen suka faɗi warwas. Shi ma yatsan binciken kansa ya nuna, domin yana cikin masu taɓa gawar. Amma da magatakardan asibitin sun bar gurbi a littafi, da babu abin da zai ƙirga. Ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta ce ta san labarin tun tana aji huɗu, sai dai a lokacin an ba su shi ne a matsayin darasin wanke hannu.

Ita ce kuma ta tuna mini da misalin da ya fi kusa da mu. A 2023 aka wallafa sakamakon binciken E-MOTIVE, wanda aka yi a asibitoci 80 a Nijeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, da mata fiye da 200,000, kuma Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ce ta jagoranci ɓangaren Nijeriya. Ginshiƙinsa wata leda ce mai ma'auni da ake shimfiɗa wa mai jego, jinin ya taru a ciki a ga yawansa da lamba, sannan a haɗa magunguna da tausar mahaifa da ƙarin ruwa a yi su lokaci ɗaya da zarar ya kai iyaka. Mummunar zubar jini da abin da ke biyo bayanta sun ragu da kashi 60 cikin ɗari. Ba sabon magani aka ƙirƙiro ba. An daina kimantawa da ido ne, aka fara aunawa.

Sai dai kada in sauƙaƙa abin da ba shi da sauƙi. Da Likita ta koma ta fara matsa wa abokan aikinta a kan rubuta lokaci, wata babbar ungozoma da ta girme ta da shekara ashirin ta ce mata, “Likita, hannu biyu Allah ya ba ni. Ɗaya yana danne da mahaifa, ɗaya yana neman jijiya. Da wanne zan riƙe biro?” Ba ta da amsa, ni ma ba ni da ita. A daren da likita ɗaya da ungozoma biyu ke riƙe da ɗaki cike da masu naƙuda, gurbin da aka bari a fayil ba lalaci ba ne. Ta kuma gano cewa agogon bangon ɗakin ya daɗe da tsayawa, kowa da wayarsa yake duba lokaci, mai safar hannu jiƙe da jini kuwa ba ya taɓa waya. Ta sayi batir da kuɗinta.

Wannan magana ta ungozoma ce ta sauya kundin. Muka yanke cewa guraben su ma sakamako ne. Yanzu tana ƙirga a wane lokaci suka fi yawa, dare ko rana, ranar aiki ko ƙarshen mako, da ma'aikata nawa ke bakin aiki a lokacin. Sauyin zai ci mata aƙalla zango guda, da kuɗin makaranta na wata shekara, kuma ban da tabbacin mai jarrabawar da za a gayyato daga wata jami'a zai karɓi kundin da babban jadawalinsa na abin da ba a rubuta ba ne. Na gaya mata haka ƙarara. Na kuma san cewa 'yan ajinsu da dama suna Ingila da Saudiyya, kuma ita ma takardun jarrabawar fita suna cikin jakar da take ɗauko kundin. Ban tambaye ta ba, ba ta faɗa ba.

A nan ina da ƙorafi a kan gidanmu. Jami'o'i suna karɓar kuɗin irin waɗannan ɗalibai da hannu bibbiyu, sannan su tsara darasi da wa'adi kamar ɗalibin ba shi da abin yi sai zaman laburare. Asibitoci kuma suna sa hannu a takardar izinin ƙaro karatu, amma sunan likitan yana nan daram a jadawalin aikin kwana, domin babu wanda zai maye gurbinsa. Tsakanin waɗannan biyu ne ake samun kundin da aka saya a bakin ƙofa, sai mu taru mu yi ta salati a taron majalisar sashe. Abin da ke hannuna kaɗan ne, na kuma yi shi a makare: na cire ta daga layin Laraba, yanzu da safiyar Asabar muke haɗuwa, in ba ta kwana a asibiti ba.

Asabar ɗin da ta wuce ba ta zo ba. Da na duba waya bayan sallar asuba na tarar da saƙonta: “Malam, 3:12 ta iso, 3:20 na gan ta, jini bai samu ba sai 5:05. Duk na rubuta.” Na mayar mata da tambaya, matar fa? Shiru har azahar, ina ta duba waya kamar ni ne mijin. Can sai ga amsa, wai tana nan da ranta, har ta sha kunun kanwa ta karɓi jaririnta, babi na huɗu kuma in yi haƙuri sai wani makon.