Daga Owo Zuwa Uromi: Me Maƙwabtanmu Kiristoci Ke Cewa Kan Mugunta Da Haɗin Kai?

Duk Bahaushen da ke zaune a Sabo ta Ibadan, Agege ta Legas ko Ama Hausa ta Owerri ya san cewa da zarar wani abu ya faru a ƙasar nan, abin da ake fara tambaya shi ne: su wa suka yi? Amsar da za a bayar ita ce ke nuna ko gobe za a buɗe shago ko za a kwana da ido ɗaya. Shi ya sa abin da limaman coci ke faɗa wa mabiyansu ranar Lahadi ya shafe mu kai tsaye, domin masu sauraren nan su ne masu gidajen da muke haya da masu sayen kayanmu.

Mu ɗauki abubuwa biyu. Ranar 5 ga Yunin 2022, 'yan bindiga sun afka wa cocin Katolika na St. Francis da ke Owo a jihar Ondo ana tsakiyar ibada, suka kashe mutum sama da 40. Gwamnatin tarayya ta ɗora alhakin a kan ISWAP. Sannan a ƙarshen Maris na 2025, 'yan sintiri da gungun mutane suka tare mafarauta a Uromi ta jihar Edo, suna hanyar komawa Kano yin sallah, suka kashe 16. Na farko a coci aka yi, na biyu 'yan Arewa aka yi wa. Amma ciwon ɗaya ne: an kashe mutane saboda kallon da ake yi wa jinsinsu, ba don laifin da aka tabbatar a kansu ba.

To, a nan ne koyarwar Kirista ke da abin faɗa. A Linjilar Matiyu akwai misalin manomin da maƙiyi ya watsa masa muguwar ciyawa cikin alkama da dare. Barorinsa suka nemi su je su tuge ta, ya hana, don kada garin tuge ciyawa a tuge alkamar. Ma'anar a fili take. Mugunta gaskiya ce, tana nan cikin gona, amma mai gaggawar yanke hukunci da hannunsa yakan hallaka mara laifi. Ai abin da ya faru a Uromi ke nan. Yankin ya sha fama da masu satar mutane, har limaman coci an sace, babu mai musun wannan. Sai dai fushin ya sauka a kan waɗanda ba a tabbatar da komai a kansu ba. Haka kuma a wasiƙar Bulus ga Romawa an hana rama mugunta da mugunta. Da wannan ma'auni ne shugabannin Kirista, har da na ƙungiyar CAN, suka yi tir da kisan Uromi.

Wani zai ce, ai magana ce kawai. Da gaskiyarsa ta wani ɓangare, don akwai masu wa'azin da ke hura wuta a coci, kamar yadda muke da su a masallaci. Amma akwai waɗanda suka wuce magana. Fasto James Wuye ya rasa hannunsa a rikicin 1992 a Kaduna, duk da haka ya haɗa kai da Imam Muhammad Ashafa, wanda a da abokin gabarsa ne, suka kafa cibiyar sulhu. A 2018 kuma, Liman Abubakar Abdullahi na yankin Barikin Ladi a Filato ya ɓoye Kiristoci sama da 200 a masallaci da gidansa. Kowannensu ya raba mugu da al'ummar da ya fito.

Wannan ma'auni fa yana hawa kanmu. Idan muna so Kirista ya yi tir da Uromi da babbar murya, dole mu ma a ji muryarmu kan Owo, da kan kisan Deborah Samuel a Sakkwato a Mayun 2022. Wanda ke kuka sai idan gawar tasu ce, bai ƙi zalunci ba, ɓangare kawai ya zaɓa. Kada mu manta a cikinmu akwai Hausawa Kiristoci, waɗanda kowace wuta ta tashi sukan ƙone ta gefe biyu.

Abin yi ba mai wuya ba ne. Sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwa su san fasto da fada na unguwarsu tun ana zaman lafiya, ba sai hayaƙi ya tashi ba, kamar yadda aka gani a kasuwar Shasha a Fabrairun 2021, inda saɓanin mutum biyu ya cinye rayuka da dukiya. A riƙa zuwa ta'aziyya idan an yi musu rashi. Mugu idan ya ɓuya a cikinmu, a miƙa shi ga hukuma. Matasa kuma su daina tura kowane bidiyo a WhatsApp ba tare da bincike ba.

Zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki, balle ga wanda ke neman abincinsa nesa da gida. Allah ya zaunar da mu lafiya.